Kalwar da Goggo Ta Hana a Ɗora

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Goggo kuwa ta riga mu tafiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, aka kai ta makwancinta kafin azahar. Yau kwana goma ke nan.

Tun ba a fito da ita ba tsakar gidanmu ta cika da mata, har da na ƙauyukan bayan ganuwa waɗanda ban san wa ya kai musu labari ba. Matar mahaucin unguwarmu ta zauna a kan turmin da aka kifar tana cewa miyar garin nan ta mutu, daga yau sai dai a sha kuka da gishiri. Tsohuwa mai koko ta ce shekara talatin tana sayen daddawa a hannun Goggo, ba ta taɓa tauna tsakuwa ba. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce maƙwabciyarmu ta bayan danga, har da birgima. Ita ce kuwa ba ranar da ba ta leƙowa ta ce a ɗan gutsura mata, ta fita tana cewa ta yi kaɗan. Na bar ta ta yi kukanta, don ita ma ta yi rashi, ta rasa na banza.

Baba, mahaifina, shi ne ƙanen Goggo. Tsufa ya cinye masa ido, sai da aka riƙo shi aka kawo shi gaban makara. Ya lalubi gefenta ya dafa, ya ce, "Yaya, kin tafi ba ki gan ta ba." Kowa a gidan ya san wa yake nufi, 'yar Goggo ce da mahara suka ɗauke tun shekara goma sha takwas da suka wuce. 

Ni ce a ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwa, jikina yana ta ɓari. Mata suna cewa Allah sarki, marainiyar da ta riƙa, dubi yadda mutuwar ta shige ta. Ta shige ni, amma ba shi ke kaɗa ni ba. Tsoro ne. Goggo ta tafi kabari tana zaton 'yarta ce ta karya mata doka ta jawo wa kanta abin da ya same ta, alhali ni ce na yi. Shekara goma sha takwas ina cewa gobe zan gaya mata, ga shi an naɗe ta a likkafani ban gaya mata ba.

Bari in faɗi ko wace ce ita tukuna, don kada laifina ya rufe ta.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, ta dawo gidan ƙanenta, ba ta sake aure ba. Uwata ta rasu ina shekara huɗu, sai Goggo ta haɗa ni da 'yar tata ta riƙe mu a ɗaki ɗaya. Na girme ta da shekara uku. Doguwar mace ce Goggo, ba ƙiba, tafin hannunta ya rine da ruwan kalwa har ba abin da ke fidda shi. Tun daga ƙofar gari za ka san ta wuce, don warin sana'arta ya kama zanenta, ita kuwa ko a jikinta. In yara suka toshe hanci sai ta ce su je su tambayi uwarsu abin da ke cikin miyar jiya.

Ba ta iya yabo ba. In kika yi aiki ya yi kyau, sai ta sunsuna ta ce, "Za a ci." Iyakarta ke nan, ko da kin kwana uku a kansa. In bai yi ba kuwa ba ta faɗa, ba ta duka. Ɗauka take yi ta zagaya bayan ɗaki ta juye wa awaki, ta dawo ta miƙo miki ƙwaryar ba tare da ta dube ki ba. Na fi tsoron wannan shirun da bulala. 'Yarta kuma ban taɓa jin ta kira sunanta ba, da yake 'yar fari ce. "Waccan" take ce mata. Ki kira mini waccan, waccan ta ci abinci?

A hannunta muka koyi aikin. Da bazara ɗorawa ke nuna, a kaɗo, a ɓare, a fitar da garin, a wanke ƙwayar a shanya. Ƙwayar nan ita ce kalwa, in ta bushe tana iya shekara a rumbu ba abin da ya same ta. Ranar da aka ɗora ta a wuta kuwa sai ta yini ta kwana tana tafasa ana ƙara ruwa. Washegari a zuba a turmi da toka a surfa har ɓawon ya saki, sannan a kai rafi a wanke a ƙwarya mai huji-huji. Wankin nan ruwa yake ci ba kaɗan ba, rijiya biyu ce kuma a cikin garinmu, mai gari ya hana a yi shi a bakinsu da rani. Dole sai bayan ganuwa. In an dawo a sake dafawa da kanwa, a tsane, a juye da zafinta a kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a rufe, a kai ɗakin da ba mai shiga. Kwana uku take yi. Goggo ba ta buɗewa ta duba. A bakin ƙofa take tsayawa ta ja numfashi, ta ce, "Da sauran yini," ko ta ce, "Ɗauko turmi." Ban taɓa ganin hancin nan ya yi kuskure ba.

Dokarta ɗaya ce, kullum tana maimaita mana ita. Dafaffiyar kalwa ba ta jiran kowa, in ta wuce ranarta ba a wanke ba ta lalace. Don haka duk wadda ta hura wuta ta riga ta ɗaura wa kanta zuwa rafi. Ita kam ba ta taɓa ɗora tukunya ba sai ta je wurin mai tsaron ƙofa ta ji labarin hanya, ta kuma tare matan Fulani masu kawo nono ta tambaye su abin da suka gani a daji. Muna yara muna yi mata dariya, wai mai daddawa da bincike kamar mai shirin yaƙi.

Shekarar da na haifi 'yata ta fari na zo gida wankan jego. Goggo ce ke dafa ruwan, ita ke fyaɗa mini shi da ganye, ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Bazara ce, rafi ya janye sai gurabe a cikin yashi. Sai masu nono suka zo da labarin an ga sawun dawaki da yawa ta wajen Musawa, kuma ba na fatake ba ne. A shekarun nan ambaton dawaki kaɗai ya isa ya sa mace ta saki tulu. Mahara ne daga arewa, da rani suke zuwa, su kwashi duk wanda suka tarar a bayan ganuwa, su juya kafin maza su ɗauko kwari da baka.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a dangin mijin Goggo a Gozaki, dole ta je. Baba da matarsa suka raka ta cikin ayarin maza. Da za ta fita ta tsaya a gindin rumbu ta dube mu mu biyu.

"Kada wadda ta ɗora mini kalwa sai na dawo. Kun ji ni?"

Na ce, "Mun ji, Goggo." 'Yarta ta ce, "Mun ji, Inna."

Saura kwana shida in yi arba'in in koma ɗakina. Uwar mijina kuwa ta taɓa cewa a gaban mutane wai sun auro 'yar gidan daddawa amma har yau saye suke yi. Maganar nan ta tsaya mini a wuya. So nake in shiga gidan da kwando cike, aikin hannuna, in ajiye a gabanta ban ce komai ba. Na duba na ga in na jira Goggo kwanakin ba za su isa ba. Tun ba su yi nisa ba na kwantar da jaririya, na ɗebo kalwa, na ɗora babbar tukunya, na durƙusa na hura wutar da bakina. 'Yar Goggo ta dawo daga rijiya ta tarar tana ci.

"Yaya, Inna fa ta hana."

"Kafin ta dawo an rufe a kwando. Ke dai kawo itace."

Washegari kalwa ta dahu luguf, muka surfa tare. Saura rafi. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, in na fito da ƙwarya a ka kafin in kai ƙofa duk gari ya ji. Na dube ta, ta gane.

"Ni tsoro nake ji," in ji ta. "An ce an rufe ƙofar arewa."

"Ta kudu a buɗe take. Tun ɗazu mata suka fita."

"A bar ta mana ta lalace."

"Kalwar Goggo ta lalace? To ke za ki gaya mata."

Taubashiyata ce, ni 'yar namiji ita 'yar mace, kuma kowa ya san wasan taubasai, 'yar mace ita ce baiwa. Tun muna ƙanana nake tsokanarta da haka tana ramawa. Na ga tana jan ƙafa, sai na ɗauko wasan don in sa ta dariya. Na ce, "Tashi, baiwa, ki wanke wa uwargijiyarki kalwa." Ta yi dariyar kuwa. Ta naɗa gammo, na ɗora mata ƙwaryar da hannuna, ta sunkuya ta ja wa jaririya ɗan yatsan ƙafa, ta fita. Shekararta goma sha biyar. Maganar ƙarshe da na yi mata ke nan.

Hantsi bai gama ɗagawa ba, ina ba da nono, na ji ganga daga kan ganuwa. Ba kiɗan da na sani ba ne, bugu ne ba tsayawa. Sai kururuwa, sai gudun mutane a lungu, sai na ji ana tura ƙyauren ƙofar kudu ana jibga masa itatuwa.  Na ruga zuwa bakin zaure da jaririya a ƙirji ina kallon matan da ke shigowa a guje, wata ba ɗankwali, wata ba goyo sai majanyi a hannu tana neman ɗanta. Duk wadda ta ɓullo sai in ce ita ce. Har lungun ya koma ba kowa ban daina dubawa ba.

Mata uku aka ɗauke a ranar. Wata tsohuwa da ta kwanta cikin ciyawar bakin rafi ta ce ta ga lokacin da mai doki ya sunkuyo ya fizge 'yar Goggo. Wai da ta ji dawaki ba ta gudu nan take ba, tsayawa ta yi tana tattara kalwar da ta zuba a gurbi.

Da la'asar su Goggo suka iso, labari ya riga ya tare su a hanya. Ta shigo gida cike da mutane, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a kan murhu ta dubi tukunya, ta dubi turmin da ɓawo ya manne a cikinsa.

"Wa ya ɗora kalwa?"

  Sai maƙwabciyarmu ta ce, "Ai ita muka gani ta fita da ƙwarya."

Goggo ta sake duban tukunyar. Ta ce, "Na hana ta. Da bakina na hana ta."

Na sunkuyar da kai a kan jaririya kamar ina gyara mata kwanciya. Ba wanda ya zaci mai jego. Kafin magariba Goggo ta wanke tukunyar nan, ta cika ta da ruwa, ta dafa mini wankana na yamma kamar kullum. Tana fyaɗa mini ruwan ta ce in daina kuka kada nono ya ɗauke.

Tun daga shekarar daddawarta ta sauya kama. Lokacin da 'yar tata take ƙarama, in ana dunƙula daddawa ana dannawa da tafin hannu, takan ɗauki ƙwayar kalwa guda ta manna a tsakiya ta ce ta yi mata ido. Goggo kan ture hannunta ta ce ta daina ɓarna. To yanzu ita da kanta ta koma yi. Kowane dunƙule sai ta manna masa ƙwaya guda, har aka san ta a kasuwar Gozaki da daddawa mai ido. Duk shekara kuma sai ta ware kwando biyu ta ba wani falke mai jakuna, wanda ke hawa arewa da auduga da taba ya sauko da kanwa da gishiri. Kyauta take ba shi. Abu ɗaya ta roƙa, duk kasuwar da ya sauka ya baza ta a gaban tabarma inda mata ke wucewa, kada ya sayar da ita gaba ɗaya sai ya kai ƙarshen tafiyarsa. Wata shekara ta ji labarin ya karyar da ita duka a Musawa. Da ya dawo ta tare shi a ƙofar gari ta wanke shi tas a gaban yaransa, dattijo da gemu yana ba da haƙuri. Bai sake ba.

Rigimarta da Baba kuwa har yau ana tuna ta. Bayan shekara uku ya ce mata a kira Liman a yi sadaka kamar yadda ake yi wa mamaci, zuciya ta huta.  Sai ta hana sashensa daddawa, ta kuma aika wa sauran masu yi a gari cewa duk wadda ta sayar wa matarsa ita da ita. Damina guda Baba yana cin miya salam. Ranar da ya gaji ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna ya ce, "Yaya, na janye." Ta miƙo masa dunƙule biyu ta ce, "Wanda aka ga gawarsa ake yi wa sadaka."

In ayari ya sauka a bayan gari da bayi a cikinsa, Goggo ba ta iya zama. Sai ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya da daddawar da ta fi kyau, ta ɗauka da kanta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba fuska. In an ce mata ɓarna take yi sai ta ce wataƙila a can ma wata tana ba waccan. Ni kuma da mijina ya rasu ita ta je ta ɗauko ni da 'yata, ta ba ni rabin ɗakinta, ta sakar mini babbar tukunya. 'Yata a bayanta ta girma. Ita ta yi mata kitson fari, ita ta aurar da ita, ita ta yi mata wankan jego bara.

Alherin nan shi ya fi komai firgita ni. Duk yarinyar da aka kawo mata koyon aiki, in ta ga tana rawar kai, sai ta ce, "Ki riƙa jin magana. Ina da wata da ba ta ji ba." In ta faɗi haka ina wurin sai in nemi abin da zai fitar da ni. Wata rana muna dakan daddawa mu biyu ta tsaya da taɓarya ta ce, "Na yafe mata fa tuntuni. Amma ranar da na gan ta sai na fara marinta kafin in rungume ta." Na buɗe baki a ranar, wallahi na buɗe. Sai na hango 'yata tana barci a bayanta, na ga kamar za ta kwance goyon ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na ce mata daddawar ta yi laushi, a kwashe.

Ciwon ajalinta bai wuce mako biyu ba. Ranar Litinin da yamma na kori kowa daga ɗakin, na durƙusa a kanta na ce, "Goggo, ina da magana. Kalwar nan ta shekarar da na haihu, ni ce na ɗora." Idonta a buɗe yake, yana kallon rufin ɗaki. Na sake faɗa da ƙarfi a kunnenta. Leɓenta ya motsa, na kai kunne, sai na ji tana cewa a ƙara ruwa kada ta ƙone. Hankalinta ya riga ya bar ɗakin. Ba ta sake magana ba har ta cika.

Ranar sadakar bakwai, an gama rabon gumba mutane sun fara raguwa, sai ga falken nan. Saukowarsa ke nan daga arewa, bai ma kwance wa jakuna kaya ba. A ƙofar gari aka gaya masa rasuwar, ya zo ya zauna a zaure yana ta salati. Sai ya ce yana da saƙon da ba zai faɗa ba sai a gaban mutanen ɗakinta. Aka riƙo Baba, aka shigo da falke tsakar gida, muka zauna ni da 'yata da matan da suka rage.

Ya ce a wata kasuwa can gaba da ƙasar Katsina, tafiyar kwana da yawa, ya baza daddawa kamar yadda ya saba. Wata mata ta zo wucewa da tallan fura, ta tsaya, ta sauke ƙwaryar, ta zauna a ƙasa a gaban tabarmarsa. Ta ɗauki dunƙule guda tana shafa ƙwayar da yatsa. Harshenta ya koma irin na can, amma ta faɗi sunan garinmu, ta faɗi sunan Goggo, ta faɗi na Baba. Tana gidan wani mutum, ta haifa masa 'ya'ya uku, ba ta da halin tahowa.

"Ta ce in gaya wa innarta tana raye," in ji shi. "Ta ce a roƙa mata gafarar fitar da ta yi. Ta kuma ce in tambaya ko jaririyar taubashiyarta ta rayu."

Gida ya ruɗe da kuka. 'Yata ta rufe fuska da zane, don ita ce jaririyar.  Na yi murna tana raye, Allah Ya sani na yi. Amma duk duniya mutum ɗaya ne ya ga wadda ta hura wutar nan, ga shi yau an ce tana numfashi.

Falke ya ce jibi wani ayari zai hau arewa, ya fasa zuwa Zazzau, zai juya da su don wannan magana. Me zai kai mata? Baba ya share hawaye ya ce, "Ka ce mata uwarta ta rasu da ita a baki. Ka ce kada ta damu da kalwar da ta ɗora bayan an hana ta, ƙuruciya ce, uwarta ta yafe mata tuntuni." Mata suka ce haka ne, ta sha faɗa a gabanmu. Falke ya maimaita don kada ya manta: kalwar da ta ɗora, an yafe mata.

Da na ji maganar a bakinsa sai na gan shi zaune a kasuwar can yana faɗa mata. Matar da ta shekara goma sha takwas a hannun mutane ba ta ambaci laifina ba ko a saƙo, za a je a gaya mata cewa uwarta ta rayu ta mutu tana ɗauka ita ce. Falke zai tashi, ya dafa ƙasa. Muryata ta fito ban san ta fito ba.

"Malam, tsaya. Ba ita ta ɗora ba."

Ya koma ya zauna. Na ce ni ce na ɗebo kalwar, ni na hura wutar, ta hana ni ban hanu ba. Ta ce tsoro take ji, ni na ɗora mata ƙwaryar a ka. Goggo ta tambaya a gaban mutane na yi shiru, na ci gaba da yin shiru ina cin tuwonta har ta mutu. Na faɗa duka, har dalilin uwar mijina na faɗa.

 Maƙwabciyarmu, wadda bakinta bai taɓa rufuwa ba, ta kama haɓa ta sunkuya. Falke ya juya wajen Baba ya ce, "To, wanne zan kai?"

 Fuskar Baba tana wajena, ko da yake ba ya ganina. Ya ce, "Kai na biyun." Ya miƙa hannu aka tashe shi.

Jiya da safe ayarin ya tashi. Na ba falke kwandon ƙarshe da Goggo ta danna da hannunta, na ce ya gaya mata jaririya ta rayu har ta haifi tata. Ya ce sai bayan damina zai sauko, in Allah Ya kai mu, kuma duk abin da ta ce zai kawo mini shi yadda ta faɗa, ba zai rage ba. Ina tsoron ranar nan. Na fi tsoron wadda za a tsayar da ni gaban Goggo, inda ba gobe.

Allah Ya ji ƙan Goggo, Ya yalwata mata kabari, Ya saka mata da abincin da ta ciyar da bayin da ba ta sani ba da marainiyar da ta sani. Mace ce mai gaskiya a aiki, ba ta taɓa sayar da abin da ba za ta ci ba. Wanda ya taɓa cin miyar da aka yi da daddawarta ya sa ta a addu'a, ya sa 'yarta, wadda ta ji magana.

A gidan nan har yanzu ba wanda ya ce mini komai, ko zagi. Ɗazu 'yata ta kawo mini tuwo. Ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.